Regex, ast, tree-sitter ko clang: da wanne za ka feɗe fayilolin kod?

A ce an miƙa maka wata tsohuwar manhaja mai ɗaruruwan fayiloli, waɗanda suka rubuta ta tuni sun kama gabansu. Aka ce ka jero duk fankshan ɗin da ke cikinta. Ko ka gano duk inda aka kira wani tsohon fankshan mai suna `aika_sako`. Ko kuma, wanda ya fi wuya, ka sauya masa suna a ko'ina ba tare da ka ɓata sauran kod ɗin ba. Da hannu dai aikin ba zai yi ba, dole ka rubuta ɗan sikirif da zai karanta fayilolin a madadinka. To da me sikirif ɗin zai karanta su?

Ayyukan nan uku sun yi kama da juna, amma kowanne da kayan aikinsa. Na farko nema ne kawai. Na biyu sai an san abin da suna yake nufi a wurin da ya fito. Na uku kuwa sai an mayar da fayil yadda aka same shi, in ban da gurbin da aka taɓa. Yawancin wahalar da ake sha daga nan take tasowa: an ɗauko kayan nema an ce sai ya yi gyara, ko an tashi rubuta mafeɗi, wato manhajar da ke tsinka kod ta gano tsarinsa, sukutum alhali masu yaren sun riga sun ajiye nasu kyauta. Ra'ayina tun daga farko shi ne, muddin yaren fayil ɗin sananne ne, kada ka rubuta mafeɗi, aro za ka yi. Abin da ya rage shi ne a wurin wa za ka ara.

Zan ɗauki Python a matsayin yaren da za a rubuta sikirif ɗin, amma maganar ta shafi mai Perl da mai Ruby da mai JavaScript. Feɗe kod mataki biyu ne. Da farko a yayyanka rubutun zuwa gutsattsari da ake kira tokin: wannan suna ne, wannan lamba ce, wannan buɗe baka ne. Sannan a harhaɗa su zuwa bishiya mai rassa, wadda ke nuna abin da ke cikin wane: wannan kira yana cikin wancan fankshan, fankshan ɗin kuma yana cikin wancan aji. Manhajar da ke yin wannan aiki ita ce mafeɗi.

Regex da inda ƙarfinsa ya ƙare

Kowa da regex yake farawa, wato gajeren tsarin alamomi da ake neman rubutu mai wata siffa da shi, kuma ba laifi ba ne. Layi guda, `^def (\w+)`, zai jero maka sunayen fankshan a fayil ɗin Python kafin ka ƙifta ido. Ba sai ka sauke komai ba, ba ruwansa da ko fayil ɗin na da kuskure, ba ruwansa da yaren da aka rubuta shi. Idan tambayarka ta rana ɗaya ce, kuma kai da kanka za ka bi sakamakon da ido ka tace, grep, manhajar neman rubutu a cikin fayiloli, ko regex ya ishe ka, kada wani ya sa ka ji kunyarsa.

Matsala tana farawa ranar da za a dogara da sakamakon ba tare da an duba ba. Layin can ba zai ga fankshan ɗin da ke cikin aji ba, don da tazara suke farawa. Ka gyara. Sai ka tarar da `async def`, wanda ya shigo Python tun siga ta 3.5 a 2015. Ka sake gyarawa. Sai kuma ya fara kawo maka sunayen da ba su wanzu ba, domin wani ya rubuta misalin kod a cikin dogon bayanin da ke tsakanin alamomin zance uku-uku, shi kuwa regex bai san yana cikin bayani ba. Akwai ma wadda ta fi shafar mu. Python 3 ta yarda a sa haruffa irin ƙ da ɗ da ɓ a suna. Wanda ya rubuta `[A-Za-z_]+` a regex ɗinsa, in ya iso `def sauƙi` zai ba shi `sau`, in ya iso `def ƙidaya` zai wuce bai gan shi ba, kuma ba zai yi ƙorafin komai ba.

Duk waɗannan ana iya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta tosuwa ita ce baka a cikin baka. Dubi wannan kira: `aika_sako(lamba, hada(suna, sako), gaggawa=True)`. Abu uku aka miƙa masa. In ka raba da waƙafi za ka samu huɗu. In ka ce regex ya tsaya a rufe baka na farko, zai tsaya a tsakiyar kiran. Wannan ba gazawar mai rubutu ba ce. Tun rabe-raben nahawu da Noam Chomsky ya yi a 1956 aka san cewa irin nahawun da regex na asali ke iyawa ba shi da wurin riƙe zurfin da ya shiga, shi kuwa kod gaba ɗayansa abu ne a cikin abu. Gaskiya ne Perl, tun siga ta 5.10 a 2007, ta ba regex damar kiran kansa, kuma laburaren `regex` na Matthew Barnett ya kawo irin haka Python, abin da `re` na gida ba shi da shi. Amma ko da shi, rufe baka guda da ke cikin alamar zance ya isa ya rikita lissafin. Ma'aunina mai sauƙi ne: da zarar ka ga yawancin facin da kake yi wa regex na kauce wa sharhi ne da rubutun cikin alamar zance, to ka fara rubuta mayankin tokin ne ba ka sani ba, gara ka ɗauki wanda aka gama.

Wanda aka gama ɗin, a Python, shi ne `tokenize`. Zai ba ka kowane tokin da layinsa da gurbinsa, ya bambance maka suna da sharhi da rubutun cikin alamar zance, har ya gaya maka inda tazarar farkon layi ta ƙaru da inda ta ragu. Ba ya gina bishiya, don haka ba zai ce maka wannan kira na cikin wancan fankshan ba, amma ya kashe rabin matsalolin regex. Ka dai lura da cewa daga Python 3.12 an fara tsinka rubutun f-string, wato rubutun cikin alamar zance da ake cusa kod a cikinsa, zuwa tokin da yawa, alhali da guda ɗaya yake fitowa, saboda haka sikirif ɗin da aka rubuta kafin nan na iya sauya hali. Idan kuma jerin sunayen fankshan da azuzuwa kawai kake so, a kusan kowane yare, Universal Ctags zai fitar maka da shi a tsarin JSON ba ka rubuta mafeɗi ko layi ɗaya ba. Aikin farko ke nan ya ƙare.

In fayil ɗin na Python ne: ast

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda ya san nahawun Python kamar mafeɗin da Python ɗin kanta ke amfani da shi duk lokacin da ta karanta fayil, kuma an buɗe maka ƙofarsa ta laburaren `ast`, wanda ke zuwa tare da ita. Ga neman kiran nan namu:

```
import ast
bishiya = ast.parse(rubutu)
for reshe in ast.walk(bishiya):
    if isinstance(reshe, ast.Call) and getattr(reshe.func, "id", "") == "aika_sako":
        print(reshe.lineno, len(reshe.args), len(reshe.keywords))
```

Layi biyar, kuma duk tarkon da regex ya faɗa an tsallake shi. Kiran can zai ba da biyu da ɗaya: abu biyu a jere, ɗaya mai suna. Ko an watsa kiran a layi goma sakamakon ɗaya ne. Wani babban alfanu kuma: `ast.parse` karantawa kawai yake yi, ba ya gudanar da kod. Wasu kan shigo da fayil da `import` su bincike shi da `inspect`, wanda ke nufin duk abin da ke saman fayil ɗin zai gudana. In akwai layin da ke haɗuwa da rumbun bayanai ko goge wani abu, ya riga ya faru. A kan kod ɗin da ba kai ka rubuta ba, wannan kasada ce da ba ta da dalili.

Sai dai `ast` na da iyakokinsa, kuma sanin su shi ne rabin zaɓin.

Yana magana ne da bakin sigar Python da ke gudanar da sikirif ɗinka. Fayil mai `match`, wanda ya shigo a 3.10 a 2021, ba zai feɗu a 3.8 ba. Tsohon fayil na Python 2 mai `print "sannu"` ba zai feɗu a kowace Python 3 ba. Kuma kuskure ɗaya tak a fayil ya isa a hana ka bishiyar gaba ɗaya, ba rabi ba kwata.

Sannan yana ganin suna, amma bai san asalinsa ba. Layukan can ba za su kama `sadarwa.aika_sako` ba sai ka ƙara duba reshen `Attribute`. In wani ya shigo da fankshan ɗin da laƙabi, ya ce `from sadarwa import aika_sako as tura`, sai ka bi diddigin shigowar da kanka kafin ka gane `tura` shi ne wanda kake nema. Laburaren Jedi na David Halter, wanda editoci da dama ke dogara da shi wajen cika suna da kai mutum inda aka ayyana abu, ya fi dacewa da irin wannan bin sawu. Inda kuma aka ƙera sunan lokacin da manhaja ke gudana, aka miƙa wa `getattr`, babu mafeɗin da zai gan shi, sai gwaji.

Akwai wata kuma da nake so a riƙe da kyau, don masu rubutun Hausa a cikin kod ita za ta fara ciza. Lambar gurbi da `ast` ke bayarwa, `col_offset`, ba haruffa take ƙirgawa ba, bayit na UTF-8 take ƙirgawa, wato ma'aunin wurin da harafi ke ci a ajiyar kwamfuta. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowannensu bayit biyu ne. Ɗauki layin nan: `sako = "ƙarin ɗalibai"; aika(sako)`. A ƙirgen haruffa, daga sifili, `aika` yana farawa a gurbi na 24. `ast` zai ce 26. In ka yanki layin da 26 za ka samu `ka(sako)`. Wanda fayilolinsa duk Turanci ne zai shekara bai ga wannan ba, mu kuwa a fayil ɗin farko mai saƙonnin Hausa za mu gamu da shi, kuma in sikirif ɗin gyara yake yi, zai lalata layin shiru. Maganinta shi ne ka bar `ast.get_source_segment` ya yanko maka, ko ka mayar da layin bayit kafin ka yanka. Shi `tokenize` haruffa yake ƙirgawa, don haka kada ka cakuɗa lambobinsu.

Iyaka ta ƙarshe ita ce ke raba hanya. Bishiyar `ast` ma'ana take ajiyewa, ba kamanni ba. Sharhi ya tafi. Layukan da aka bari fayau sun tafi. `0x10` ya zama 16. Tun 3.9 akwai `ast.unparse` da ke mayar da bishiya rubutu, amma abin da zai fito kod ne mai aiki iri ɗaya wanda aka share duk bayanan da mutane suka bari a cikinsa. Ba wanda zai karɓi irin wannan gyara a manhajar da ake aiki a kanta.

In za ka gyara ka mayar: LibCST

Don wannan giɓi ne Instagram ta fitar da LibCST a 2019. Bishiyarsa na riƙe komai, har tazarar da ke bayan waƙafi da irin alamar zancen da aka zaɓa. In ka feɗe fayil ka mayar ba ka taɓa komai ba, za ka samu ainihin abin da ka shigar. In ka sauya reshe ɗaya, shi kaɗai zai sauya. Yana kuma iya gaya maka cikakken asalin suna, ta yadda zai gane `tura` ɗin can `sadarwa.aika_sako` ne. Kuɗin da za ka biya shi ne bishiyar ta fi cunkoso, koyonta ya fi ɗaukar lokaci, kuma dole ka sauke shi daban. Don karatu zalla ban ga dalilin barin `ast` ba. Don sauya suna a ɗaruruwan fayiloli ban ga dalilin ƙin LibCST ba.

Tarihin `lib2to3`, tsohon laburaren gyaran kod da ke zuwa tare da Python a da, ya cancanci a tsaya a kansa, don darasi ne ga duk mai sha'awar riƙe nasa nahawun. Shekaru da yawa shi ne abin da ake gyaran kod da shi, har manhajar Black mai daidaita tsarin rubutu ta ginu a kan wani reshensa. A 2020 Python 3.9 ta sauya mafeɗinta daga tsohon tsarin LL(1) zuwa PEG, abin da ya ba yaren damar ɗaukar sabon nahawun da tsohon tsari ba ya iya bi. `lib2to3` ya kasa tafiya da zamani, aka cire shi daga Python 3.13 a 2024. In abin da ke cikin gidan Python ya gaza bin yaren, ina ga wanda mutum ɗaya zai rubuta a ƙarshen mako?

C, inda ake gane bambancin siffa da ma'ana

Da fayil ɗin ya zama na C, lissafi ya sauya, saboda dalili biyu.

Na farko, abin da ka gani a fayil ba shi kompaila, manhajar da ke mayar da kod abin da kwamfuta za ta gudanar, ke gani ba. Kafin a feɗe, ana fara zuba abin da `#include` ya kira, a warware makuro, wato sunayen da ake maye gurbinsu da wani rubutu, a zaɓi ɓangare ɗaya na `#ifdef` a jefar da ɗayan. Ba abin mamaki ba ne ka ga an buɗe fankshan sau biyu a ɓangarori biyu na `#ifdef` an rufe shi sau ɗaya. Ga wanda ke karanta ɗanyen fayil, bakunan ba su daidaita ba. Na biyu, dubi `a * b;`. In `a` nau'i ne da aka ƙirƙira da `typedef`, layin yana ayyana manuni mai suna `b`. In ba nau'i ba ne, ninkawa ce. Ba yadda za a yi ka sani daga layin, sai ka san abin da aka faɗa game da `a`, wataƙila a wani fayil can daban. C++ ta ninka wannan matsala, don a can ko `<` sai an san abin da ke gabansa kafin a ce gwadawa ce ko buɗe samfuri.

Zaɓi biyu ne a gaban mai Python. Akwai pycparser na Eli Bendersky, wanda aka rubuta da Python zalla, kuma laburaren cffi ke dogara da shi. Yana da sauƙin sakawa, bishiyarsa a fili take, mai sanin `ast` zai saba da ita nan da nan. Amma sai ka fara wuce fayil ta `gcc -E` ko makamancinsa, kuma saboda fayilolin kai na tsarin kwamfuta, wato waɗanda `#include` ke kira, cike suke da ƙarin da GCC ya yi wa yaren, irin `__attribute__`, sai an ba shi na bogi da aka tanada a `fake_libc_include`. Bayan wannan mataki sharhi ya tafi, makuro sun narke, ɓangare ɗaya na `#ifdef` kaɗai ya rage. C++ kuwa ba ya taɓa ta.

Ɗayan shi ne libclang, wato ka ari idon clang, kompaila na gaske, ta `clang.cindex`. Shi ya san nau'in kowane abu, ya san wane ayyanawa kowane suna ke komawa gare shi, yana kuma iya C++. Ga aiki na biyu, gano ainihin wanda aka kira, ba shi da na biyu. Wahalarsa ita ce yana so ka ba shi duk umarnin da ake haɗa manhajar da su: inda fayilolin kai suke, da makuron da aka kunna. Hanya mafi tsafta ita ce fayil ɗin `compile_commands.json`, wanda CMake ke fitarwa in an kunna masa, manhajar Bear kuma ke samarwa ga masu Make. Hattara da abu ɗaya: in bai sami wani fayil ɗin kai ba, clang ba ya tsayawa. Zai ba ka bishiya, amma nau'in da bai gane ba na iya fitowa a matsayin `int`, wasu rassa su ɓace. Wanda bai duba `diagnostics` ba zai ɗauki gurguwar bishiya ya yi ta lissafi a kanta. Ga mai ƙirga data kuma, libclang gomman megabayit ne, pycparser kuwa ɗan ƙarami.

Zaɓina a nan: tsaftataccen C, musamman fayilolin kai da kake so ka ciro ayyanawarsu, pycparser. C++, ko duk tambayar da ta shafi nau'i, clang. In kuma gyara iri ɗaya za a yi a babbar manhajar C, a duba Coccinelle tukuna, wanda Julia Lawall da abokan aikinta suka gina, kuma masu kula da ƙwayar Linux suka daɗe suna amfani da shi don irin wannan.

tree-sitter: yaruka da yawa, fayiloli masu rauni

Max Brunsfeld ya gina tree-sitter yana GitHub, aka fara amfani da shi sosai a editan Atom a 2018. Yau yana cikin editocin Neovim da Helix da Zed, Emacs ma ta karɓe shi a siga ta 29. Asalinsa shi ke bayyana halinsa. Edita na feɗe kod ne yayin da mutum ke tsakiyar bugawa, lokacin da rabin layin bai cika ba, don haka an gina shi ya jure kuskure. In ya iso abin da bai gane ba, sai ya sa masa reshen `ERROR` ya ci gaba. An rubuta shi da C, yana da sauri ƙwarai, yana riƙe sharhi da gurbin kowane abu, kuma da hanya ɗaya za ka tambayi fayil ɗin Python da na Java da na PHP da na Go, nahawun kawai za ka sauya. Nahawunsa na Python ma na karɓar tsohon `print` na Python 2.

To me ya hana a ce kowa ya koma kansa? Siffa yake gani, ba ma'ana ba. Ba ya warware makuro, ba ya bin `#include`, a kan `a * b;` kuwa zaɓa kawai yake yi. Kuma galibi nahawun da yake aiki da shi ba na masu yaren ba ne, wasu ne suka sake rubutawa, don haka ingancinsa ya bambanta daga yare zuwa yare, sabon abu kuma kan ɗan jima kafin ya iso. Juriyarsa ma takobi ce: fayil ɗin da `ast` zai ƙi da babbar murya, shi zai karɓa, kai kuma ka ɗauka komai lafiya in ba ka duba `has_error` ba. Gurbinsa shi ma da bayit yake ƙirgawa, saboda haka gargaɗin ƙ da ɗ na nan daram. Laburarensa na Python ya sha sauya yadda ake loda nahawu, don haka misalin da ka gani a intanet na iya ƙin aiki, gara ka ɗaure sigar da ka gwada.

Inda nake ɗaukarsa ba tare da dogon tunani ba: ma'aji mai yaruka uku ko huɗu, ko tarin fayilolin da ban da tabbacin duk suna haɗuwa, irin ayyukan ɗalibai, ko C ɗin da ba ni da fayilolin kansa.

Yaushe ne rubuta naka ya halatta?

Lokacin da yaren ba shi da mai shi sai ku: tsarin fayil ɗin saiti da wani ya ƙirƙira a ofis, ƙaramin yaren dokoki, ko wani tsohon abu da ba wanda ya rubuta masa mafeɗi. A nan Lark ya fi sauƙin shiga, ka rubuta nahawu a fayil guda ya ba ka bishiya, kuma yana da tsarin Earley mai karɓar kusan kowane nahawu da LALR mai sauri. PLY na David Beazley ya bi sawun Lex da Yacc na Bell Labs na shekarun 1970, zai yi wa wanda ya karanta su a jami'a daɗi. ANTLR na Terence Parr na da tarin nahawu da aka riga aka rubuta, sai dai yana buƙatar Java wajen ƙera mafeɗin, kuma wanda yake fitarwa da Python na da nauyin tafiya. Kada kuma a raina rubutawa da hannu, fankshan ɗaya ga kowace ƙa'idar nahawu, suna kiran juna. GCC da Clang duk haka suke feɗe C da C++, kuma ga ƙaramin yare shi ya fi ba da saƙon kuskure mai ma'ana.

Abin da mutane kan manta shi ne, ba dole mafeɗin ya zama da yaren sikirif ɗinka aka rubuta shi ba. Kana Python, fayilolin na JavaScript ne? Kira Acorn daga layin umarni, ya zubo maka bishiyar a JSON, ka karanta. Clang na yin haka da `-Xclang -ast-dump=json`. PHP na da `token_get_all` a gida da PHP-Parser na Nikita Popov, wanda PHPStan da Rector suka ginu a kansa. Go na da `go/ast`. Ruby na da Ripper, ga kuma Prism da ya zama mafeɗinta na asali a 3.4. Perl ce mai wuyar sha'ani, don ma'anar alama kamar `/` na iya dogara da abin da aka ayyana yayin da ake haɗa kod ɗin, shi ya sa PPI na Adam Kennedy ke karanta fayil a matsayin takarda, ba ya alkawarin fahimtarsa kamar yadda perl za ta yi.

Duk wanda ka zaɓa, ka sa sikirif ɗin ya ƙirga fayilolin da ya kasa feɗewa, ya buga sunayensu a ƙarshe. Sau da yawa akan kama kuskuren a yi shiru a wuce, sai rahoto ya ce an kira `aika_sako` a wurare kaza, alhali an tsallake fayilolin da suka fi tsufa, waɗanda su ne suka fi kiransa. In kuma gyara ka yi, ari dabarar Black: bayan ta sake tsara fayil, takan feɗe tsoho da sabo da `ast` ta tabbatar ma'anar ba ta sauya ba. Kai ma ka fitar da `ast.dump` na kafin gyara da na bayansa ka gwada su. Bambancin da ya kamata ka gani shi ne sunan da ka sauya kawai, in ka ga wani abu daban kada ka rubuta fayil ɗin, ka ware shi ka duba da ido.